Mudun Wuta

Kakata Delu awo ta yi har ta tsufa,
a rumfar kara, can bayan Ƙofar Guga.
Tiyarta ta lotsa a gefe guda,
sai ta nuna wa mai saye lotsin da yatsa
kafin ta cika, ta yi tozo, ta ɗora gyara.
Takan ce, Sallau, awon da ido bai shaida ba,
kuɗinsa ba ya kwana lafiya a aljihu.

Ni kuwa yau wuta nake saye.
Ba ta murhu ba, ba ta maƙera ba,
wadda ake ɗura wa kekena mai ƙafa uku
ta baƙar igiya mai kaurin damtsen yaro,
a wata tasha kan hanyar Dutsin-ma.
Ba ta da launi, ba ta da wari,
ba ta zuba ƙasa kaji su tsattsaga,
balle ka ce a karkaɗe maka kwano.

Ran Litinin dubu biyu da ɗari huɗu na biya.
Ran Laraba, batirin nan, yunwar nan tasa,
aka ce dubu uku da ɗari ɗaya.
Na ce, Rabe, me ya ƙaru?
Ya ɗaga kafaɗa, wai na'ura ce ta faɗa.
Na ce, to ita na'urar da wa ta yi shawara?
Ya ce akwai kuɗin jonawa, akwai na tsayuwa,
akwai na cunkoson la'asar,
akwai wani da shi ma bai san sunansa ba.
Ban ga laifin yaron ba.
A duhu aka ba shi mudun, a duhu yake awo.

A gidan mai, ko cuta ce, a gabanka take gudu,
lamba na korar lamba kana kallo.
Nan sai ka jona, ka koma benci,
kana ɓare gyaɗa kana zullumi
kamar mai jiran takardar asibiti.

Mati ne ya fara, da guntun gawayin mai shayi.
Ya rubuta a katanga: Talata, awa ɗaya, kaza.
Barau ya sa nasa a ƙasa. Na sa nawa.
Wata malamar jinya mai ƙaramar mota
ta ciro biro, ta ga ba ya kama siminti,
ta karɓi gawayin, farin hannun rigarta ya yi baƙi.
Kafin sati biyu katanga ta cika,
lissafi a karkace, babu biyu da suka yi daidai.

Mai tashar ya zo da bokitin fenti.
Ya tsaya. Ya karanta tun daga sama,
leɓensa na motsi.
Ban san me ya faɗa wa kansa ba.
Ya dai shafe, mun kuma sake rubutawa.

Yanzu akwai allo a bakin shiga,
harufa manya, ana hangowa daga titi:
kilowat ɗaya nawa, da rana nawa, da dare nawa,
in ka cika ka ƙi matsawa, minti nawa.
Ana ba ka 'yar takarda in ka gama.

Kada ka ce ta yi arha. Ba ta yi ba.
Jiya ma na karanta allon na juya kan keke,
na ƙarasa gida da ɗigo ɗaya a batir.
Amma ni na juya, da ƙafata, da sanina.

A can ƙasan allon akwai layi biyu ƙanana,
sai ka durƙusa kafin ka gan su.
Tabarau na ya fashe tun damina.
Gobe zan zo da 'yata Hajo ta karanta mini,
gawayin kuma yana nan cikin akwatin sifana.